Memorin Malam Buba

Wayar da na fara buɗewa da hannuna ta wani mai sayar da bandar kifi ce, kuma ba wani ciwo ne da ita ba. Maiƙo ne ya bi ƙarƙashin maɓallan ya daskare, lamba biyar ta daina dannuwa, shi kuwa abokan cinikinsa na Kudu kusan duk akwai biyar a lambarsu. Lokacin ina rumfar Malam Garba mai gyaran rediyo, a nan cikin Haɗeja, shekarata ta shida a hannunsa. Malam Garba ya juya wayar gaba da baya, ya miƙo mini, ya ce shi abin da ba ya jin kukansa da kunne ba zai sa masa hannu ba. Na kwance ta da ɗan sukudireban gyaran agogo, na wanke maɓallan da sifirit da tsohon buroshin haƙori, na mayar. Mai kifi ya danna biyar ta fito, ya yi ta sa mini albarka har mutane suka fara leƙowa. Kwana uku hannuna yana ƙarni, ban damu ba.

Na faro daga nan ne saboda ku, matasan da ke tsayawa a bakin shagona kuna cewa in koya muku gyaran waya kafin babbar salla. Kun kalli bidiyo biyu, kun ga wani ya ɓare gilashi ya manna sabo, kun ce ashe abin ba wuya. Canza gilashi kam ba wuya. Dalma da ƙarfen narka ta, hantsaki, mita, abin hura iska mai zafi, duk hannu yana sabawa da su cikin shekara guda, in mutum ba mai rawar kai ba ne. Abin da ke kayar da mai gyara ba ya kamuwa da hantsaki. Babbar manhajar da ke tuƙa wayar ce, wadda a bakinmu muke ce wa sofwaya. Ita ce ke canza hali ba ta yi maka sallama ba, ka kwana gwani ka tashi ɗan koyo.

A zamanin wayoyi masu maɓalli, kowane kamfani da tasa manhajar, kowace waya da bakin kebul ɗinta. Ina da wata tsohuwar jakar makaranta cike da kebul sun cukurkuɗe, in zan zaro ɗaya sai goma sun biyo shi. Don in koyi filashin, wato wanke manhajar waya a zuba mata sabuwa, sai da na yi wata huɗu a kasuwar waya ta Kano, a gindin wani oga da ba ya bayani, sai dai ka kafa masa ido. Na dawo da tsohuwar kwamfuta da ɗan akwatin filashin, na kama rumfata. Wayoyin lokacin ba su da wani sirri. Lambobi ɗari biyu, saƙonni kaɗan, wasan maciji. In ta rikice ka wanke ta, mai ita ya sake kwafe lambobinsa daga takardar da ke aljihunsa, shi ke nan an rabu lafiya.

Sai ga wayoyin shafa. Wadda na fara riƙewa wani malamin makaranta ne daga Kaugama ya kawo, 'yarsa ta yi ta zana layin buɗewa ba daidai ba har wayar ta kulle kanta. Na nemi maɓalli ban gani ba. Na yini ina juya ta, can na dace na danne abin ƙara murya tare da na kunnawa, sai ga wani koren mutum-mutumi kwance rigingine, cikinsa a buɗe. Na tsorata, na zaci na kashe wa mutum waya. Ashe ƙofar baya na samu. Daga ranar na gane duniyar ta juya: kamfanoni daban-daban, amma manhaja ɗaya ke tuƙa su duka. Kusan kowace shekara sai an fito da sabuwarta, a laƙaba mata sunan wani kayan zaƙi na Turawa, suna bin haruffa a jere. Mu da ba mu taɓa ɗanɗana ko ɗaya ba muka haddace sunayen tsaf, muna yi wa juna burga da su.

Manhajar a farkonta zaure ce ba ƙyaure, kowa ya shiga ya fita. Ka jona waya da kwamfuta, komai na ciki ya baje maka. Hotuna, wa'azi, waƙoƙi da fina-finan da 'yan turi ke cika wa mutane, duk a kan memori suke, ɗan katin nan da bai kai farce ba. Saboda haka na kafa wa kaina doka guda, na kuma yi alfahari da ita shekara da shekaru: kafin ka taɓa komai, zare memori. In na zare shi sai in manna shi da salatif a bayan takardar da na rubuta sunan mai wayar, sannan in yi wa wayar duk abin da na ga dama. Ko ta mutu, kayan mutum suna nan. Dokar ba ta taɓa ba ni kunya ba, har takan sa in yi wa wasu masu gyara dariya.

A hankali aka fara kafa wa zauren ƙyaure. Da farko waya ta fara tambaya kafin ta bar wata manhaja ta taɓa kyamara. Daga baya aka zo da abin da ya fi ba mu wahala: in ka wanke waya, ba za ta buɗe ba sai an sa imel ɗin mai ita na farko. An yi shi ne don ɓarayi, kuma gaskiya ya yi maganin da yawansu, ban ƙi ba. Amma ku dubi mutanenmu. Makiyayi ya sayar da ɗan maraƙi a kasuwar Malam Madori ya sayi waya, mai shago ya buɗe masa imel a tsaye ya danna abin da ya danna, bai gaya masa ba. Ka tambaye shi imel ɗinsa, ya ce maka shi bai taɓa sayen wannan ba. Na sha zama da sabuwar waya fil a hannu, mai ita na gabana, ita kuwa ta ƙi yarda shi ne.

A cikin sababbin abubuwan da suka zo lokacin akwai wata dabara da na ɗauka da zafi. Wayoyin talaka ƙananan ciki ne da su, hoto kaɗan sai su fara kukan sun cika. Sabuwar manhajar kuwa in ka sa mata memori takan tambaye ka da Turanci: a bar shi a matsayin katin da ake cirewa, ko a haɗe shi da cikin wayar? In ka zaɓi na biyu, cikin wayar ya ƙaru nan take. Na ga wani ya yi, na gwada, ya yi. Ban karanta dogon bayanin da ke ƙasa ba, wa ke karantawa? Na riƙa yi wa mutane, har aka san ni da shi, ana cewa a je wajen Habu ya ƙara wa waya ciki. Nakan yi murmushi in ce ai ƙaramin aiki ne.

Shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata ita ce shekarar da kogi ya yi babbar cika, ya haye gonaki ya shiga ƙauyuka. Wayoyi suka riƙa zuwa mini a leda, wasu a cikin kwanon shinkafa, wai ta tsotse musu ruwa. Ba wuta, janareto na shan mai kamar ba gobe, ga tsohon akwatin filashin ɗina ya daina gane rabin wayoyin da ake kawowa. Teburina ya cika har ina jera wasu a kan tabarmar salla. Ina sauri, kuma sauri a wannan aikin ba ya haifar da alheri.

Ranar kasuwa da hantsi, bayan ruwa ya fara janyewa, Malam Buba ya iso. Manomin shinkafa ne daga wani ƙauye a bakin kogi ta wajen Miga, asalin gidansu makiyaya ne, kakansa ne ya zauna ya kama noma. Dogo ne marar yawan magana. Ya ciro wayarsa daga ƙunshin tsumma, ya ajiye mini da hannu biyu. Ta faɗa ruwa ranar da suke kwashe kaya a kwalekwale. Ta bushe, tana kunnuwa, amma sai ta tsaya a kan tambarin kamfani ta ƙi gaba.

"Malam Habu, ba wayar ce damuwata ba," ya ce. "Akwai Baffa a ciki."

Na ɗago na dube shi. Ya yi mini bayani a taƙaice. Kafin mahaifinsa ya rasu, da shi da maƙwabcin gonarsu, wani tsoho sa'ansa, sun taka iyakar gonakinsu tare, Malam Buba na bin su yana ɗauka a bidiyo. Daga gindin wani gawo suka fara, suna ƙirga taku da baki har inda iyakar ta tsaya. Yanzu tsofaffin biyu duk sun rasu. Ruwa ya tafi da ciyawar jemar da aka shuka a kan iyakar, ya shimfiɗa yashi, ba ka gane inda wannan ya tsaya wancan ya fara. Gawon kaɗai ya rage. Ɗan maƙwabcin, Sule, ya ce taku talatin ne. Malam Buba ya ce arba'in da bakwai. A tsakanin lissafin biyu akwai wani kwari da ke riƙe danshi har rani, shi ne ke ciyar da gidan Malam Buba. Bulama, mai garinsu, ya sa musu rana, ya ce a zo da bidiyon.

"A memori yake?" na tambaya.

"A memori yake, in sha Allahu."

"To kwantar da hankalinka, Malam Buba. Je ka yi cefanenka."

Malam Garba ya koya mini tun ina goge masa rediyo cewa kafin ka kwance abu, ka tambayi mai shi me ya yi, yaushe, kuma wa ya taɓa shi a baya. Tambaya ta ukun ce ban yi ba. Na zare memori, na manna shi a takarda, na rubuta suna. Da na ƙara haƙuri na buɗe wayar na wanke fanel ɗinta da sifirit, wato allon da ke ɗauke da kayan cikinta, wataƙila da ta tashi da kanta. Ko kuma in zuba mata manhaja ba tare da na share komai ba, akwai hanyar yin hakan. Amma mutum bakwai na tsaye a kaina, kuma memori na nan a gabana lafiya lau. Na jona ta, na zaɓi wankewa gaba ɗaya, na danna. Cikin minti goma ta tashi garau kamar sabuwa. Har na ji daɗin kaina.

Na mayar da memori. Wayar ta rubuto cewa ba ta san wannan katin ba, in share shi kafin ta yi aiki da shi. Na cire, na goge bakinsa, na mayar. Haka dai. Na sa shi a kwamfuta, ita ma ta ce in share. Na sa a wata wayar, na sa a ta uku. Duk abu ɗaya suka ce.

Da Malam Buba ya dawo, na tambaye shi ko wani ya taɓa yi wa wayar wani aiki.

"Ba wanda ya taɓa ta sai kai," ya ce. "Bara ne da ta cika, ka ƙara mata ciki. Ka manta? Har ka ce ba sai na ba da komai ba."

Na manta ɗin kuwa. Na roƙe shi kwana biyu. Washegari da sassafe na shiga motar Kano, na je wajen ogana na da, na ba shi katin. Ya sa a na'urarsa, ya duba, ya tambaye ni abin da na yi, na faɗa masa ban rage ba. Mutumin da ba ya bayani, ranar ya yi mini. Ya ce in aka haɗe kati da waya, manhajar takan juya duk abin da ke kansa ya koma rubutun da ba mai iya karantawa, ta ɓoye makullin a cikin wayar, ba a kan katin ba. Katin ba shi da amfani a ko'ina sai a wannan wayar, da wannan makullin.

"Akwatin na nan lafiya, Habu," ya ce. "Makullin ne ka narkar da hannunka."

"Oga, ba wata hanya? Ko Legas, ko waje?"

"Ko waɗanda suka ƙera ta ba za su iya ba. Don haka aka yi shi."

Na shiga motar dawowa. Kunya na ji, irin wadda ban taɓa ji ba, da kuma haushin kaina. Dokar da nake taƙama da ita daidai ce shekara goma, ta daina zama daidai ban sani ba, kuma ni da kaina na sauya ta a wayar mutumin nan.

Ranar zaman na rufe shago na bi Malam Buba ƙauyensu, bai ce in zo ba. Aka zauna a ƙofar gidan bulama, dattawa kaɗan, Sule na gefe. Ba mugun mutum ba ne, na lura. Shi ma gonarsa yashi ya cinye rabinta, kuma abin da ya ji daga bakin ubansa yake riƙe da shi. Na miƙe na faɗi abin da ya faru, na ce bidiyon yana nan a da, ni ne na lalata hanyar buɗe shi.

Bulama ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Mai gyara, kai ka kalli bidiyon nan da idonka?"

Na san in na ce na gani, na ji an ce arba'in da bakwai, za a yarda da ni, don ni baƙo ne ba ni da gona a nan. Kuma a raina na yarda da Malam Buba ɗari bisa ɗari. Na dube shi, shi kuwa ƙasa yake kallo.

"Ranka ya daɗe, ban gani ba," na ce.

Aka tashi aka tafi gindin gawo. Bulama ya sa aka taka talatin aka kafa kara, aka taka arba'in da bakwai aka kafa wani, ya raba tsakani. Sabuwar iyakar ta bi ta gefen kwarin, mafi yawansa ya faɗa ɓangaren Sule. Malam Buba ya ce ya yarda, aka yi addu'a aka shafa. Ya rako ni har inda zan hau babur, ya ma ba ni ƙwaryar nono in sha. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga nan manhajar ta ci gaba da tafiyarta. An daina sunayen kayan zaƙi, sai lamba kawai. Yanzu waya tun daga kwali komai nata a kulle yake, da yatsa ko fuska take buɗewa, batir a manne, wasu ma ba su da ramin memori gaba ɗaya. Ina ganin hikimar abin, don sirrin mutane ya fi tsira daga hannun irinmu. Amma mai gyara ya koma kamar mai gyaran ƙofar ɗakin da ba a yarda ya leƙa ba. Ni dai yanzu duk rubutun da waya ta fito da shi sai na karanta har ƙasa, in ban gane ba in nemi mai Turanci, sannan in fassara wa mai ita, ya zaɓa da bakinsa. Kun ce ina da nawa, wasu na barina su tafi wajen masu sauri. Su je.

Malam Buba bai daina zuwa ba. Kowace shekara bayan an yanke shinkafa zai shigo, ya gaishe ni, ya ciro katin daga wata 'yar jakar fata da ya sa aka ɗinka masa, ya ce, "Malam Habu, ko an samu sabuwar na'ura?" Ni kuma in karɓa, in sa a kwamfuta, in jira ta ce in share, in ce masa tukuna dai, sai a hankali. Shekara biyar ina faɗin haka. Ban taɓa maimaita masa maganar ogana ba, tsoro ne ya hana ni, ba tausayi ba.

Bana da ya zo na riƙe katin ban sa ba. Na ce masa ya zauna.

"Malam Buba, ina so ka yafe mini. Katin nan ba zai buɗe ba. Ba bana ba, ba baɗi ba, har abada. Na sani tun ranar da na je Kano. Ko da ya buɗe ma, an riga an raba gonar."

Ya riƙa murza bakin hularsa da ya cire ya ɗora a gwiwa.

"Ai na sani," ya ce. "Tun a fuskarka na gani, ranar da ka dawo. Maganar gona kuwa ta wuce, Sule na ba ni aron wani ɓangare da rani. Baffa ne. Yana ɗingisa ƙafar hagu in yana tafiya, kuma in ya zo ƙirga ashirin sai ya yi dariya, ban san dalili ba. Na fara manta yadda dariyar take."

Ya nuna kwamfutar da haɓa.

"Saka shi dai, Malam Habu."

Na saka. Muka zauna mu biyu muna kallon allon, har rubutun ya fito.